Kunnen Hagu

Talata, 26 ga Oktoba, da yamma

Na sake ɗauko tsohon littafin marigayi babana, akwai sauran fararen shafuka a bayansa. Omelko, mijina, ya leƙo daga ɗakin niƙa fuska duk gari ya ce, "'Yar limamin coci za ta fara wa'azi." Na ce ya koma wajen dutsensa. Ba don sha'awa nake rubutun nan ba. In ban zuba abin da ke cikina a takarda ba a kansa zan zuba, shi kuwa gurgu ne, ba zai iya gudu ba.

Ustim ya zo yau. Ɗana. Ya sauko daga birni da hantsi a kan dokin aro, ya ce rabin yini aka ba shi, gobe za a rufe ƙofofin ganuwa. Kwano uku na miyar borsh ya shanye da rabin burodi, yana riƙe da cokali da karkataccen babban yatsan nan nasa da dutsen niƙa ya danne yana ɗan shekara shida. Har yau ban yafe wa ubansa wannan yatsan ba, ya kuma sani.

Ya ce mu tattara mu shiga birni. "Baba, igwa saba'in ke kan ganuwar nan. Ko tsuntsu sai da izini."

Omelko ya ce, "In na bar maniƙa, wa zai niƙa muku garin da za ku ci ku yi wannan cika bakin?"

Daga nan sai ya juyo kaina da tsohon ƙorafinsa, yana jan ɗan kunnen azurfar da na huda masa da allurata ranar da aka rubuta shi cikin rundunar Kosak, mayaƙan ƙasarmu.

"Inna, abin nan ya mai da ni abin dariya. Duk sanda aka jera mu, ataman, shugaban rundunarmu, zai bi layi yana duban kunnuwa, ya zo kaina ya ce, 'Ɗa tilo, koma baya ka tsare dawaki.' Shekara uku ina kwasar kashin doki. Abokina Harasim ma ɗan Inna yake kirana."

Na ce, "Uwar Harasim maza biyar ta haifa, tana da na kashewa. Ni kai kaɗai gare ni. Rantse mini ba za ka cire shi ba."

Ya yi dariya ya sumbaci hannuna. Na karɓi wannan a matsayin rantsuwa.

Da na buɗe akwati zan ɗauko masa safa ya hango jan ƙyallen a ninke a ƙasa. Ya ce, "Har yanzu kina ajiye da na rufe fuskata?" Na ce na tsufansa ne, jikokinsa za su rufe shi da shi bayan ya zubar da haƙora duka. Ba a sa Kosak a ƙasa sai da ja a fuskarsa, kowace uwa tana ajiye ɗaya, wannan ba fata ba ne, tanadi ne. Ya tafi kafin rana ta karkata.

Alhamis, 28 ga Oktoba, da hantsi

An ce an bar ƙaramar ƙofa a buɗe saboda mutanen ƙauye. Tun asuba amalanke ke wucewa, da shanu, da agwagi a kwando, da tsofaffi a kan buhuna. Yawdoka maƙwabciyarmu ta tsaya a bakin shinge da jikokinta biyu, ta ɗaura ɗankwalinta mai furanni kamar za ta biki.

"Kilina, ke da gurgun nan naki ku zauna nan sojan Masko su soya ku. Ni dai na shige bayan ganuwa."

Na ce ta gaishe mini da Ustim, ta kuma duba ko yana sa safar. Ta bar mini akuyarta da mabuɗin gidanta.

Magana iri-iri ake yi. Wai hetman, babban shugabanmu, ya juya wa Sarkin Masko baya ya koma wajen Sarkin Suwidin, wai ya bar birni ya ce a riƙe masa har ya dawo. Ban san gaskiya ba. Babu wanda ya zo maniƙa ya tambaye ni wane sarki nake so. Bayana na ciwo.

Lahadi, 31 ga Oktoba, da yamma

Sojan Masko sun iso. Daga kan tudu sai ka ce tururuwa aka zubar a bakin kogi.

Litinin, 1 ga Nuwamba, da tsakar rana

Igwa tun safe. Kwanuka na rawa a kan kanta. Omelko ya zauna a bakin ƙofa yana rarrabe su da kunne kamar mai sauraron kiɗa. "Wannan namu ne. Wannan ma namu. Wannan nasu ne, ji yadda yake tari." In da ƙafar na nan da tuni ya tafi. Na ce masa ya yi mini shiru.

Ustim na wajen dawaki. Dawaki a tsakiyar birni suke, nesa da ganuwa. Na faɗa wa akuyar Yawdoka haka sau uku ina tatsarta.

Talata, 2 ga Nuwamba, da asuba

Ƙararrawar cocin birni duka a lokaci guda, ba irin kaɗawar ibada ba. Daga baya suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ta daɗe.

Talata, da yamma

Hayaƙi ya rufe rana. Toka na sauka a tsakar gida, a kan shanya, a cikin bokitin madara. Na tace madarar sau biyu, sannan na zubar. Iska daga birni take busowa, tana kawo wari da kuma sauti. Ba zan rubuta sautin ba.

Omelko bai ƙara cewa namu ko nasu ba. Kare ya shige ƙarƙashin tanderu ya ƙi fita.

Laraba, 3 ga Nuwamba, da yamma

Da safe tayar maniƙa, wadda ruwan kogi ke juyawa, ta tsaya. Shekara ashirin da shida ina barci da ƙararta, shirunta ne ya tashe ni. Omelko ya ɗingisa ya je duba abin da ya toshe madatsar ruwa. Ya dawo ya ɗauki doguwar gora mai ƙugiya wadda muke janye itace da ita, ya ce, "Tsohuwa, kawo wuƙa da bargo. In ba za ki iya ba, zauna."

Na je.

Gawawwaki ne suka toshe ta. Mazan a kan katakai aka ɗaure su aka sako. Sauran kuwa ruwa ne kawai ya ɗauko su. Shi yana jawowa da ƙugiya ya kama ta hannu da ƙafa, ni ina kama kai. Na gane tun a na farko ba zan iya kallon fuska ba. Ba kuma lallai ba ne. Sai in juya kan in duba kunnen hagu, in babu azurfa in ce, "Ba shi ba ne," mu ɗauka mu kai bayan lambu.

Omelko ya ce, "In soja sun cire fa?"

Na ce soja ba ya tsayawa kwance ɗan kunne, fizgewa yake. Da sai in ga kunnen a yage. Ya ce haka ne.

Na yanka jan siket ɗin da aka kai ni gidan nan da shi, tafin hannu biyu kowane yanki, daidai rufe fuska. Dama ya daina shiga ƙuguna tun haihuwar Ustim. Muka sa su a ƙasa, na karanta abin da na tuna daga bakin babana.

Da muke wanke hannu na ce wa Omelko, "Ranar da na ga azurfar nan a ruwan nan, kada ka wahalar da kanka da haƙa biyu. Ruwan zan bi." Ya ce in daina maganar banza. Na ce ya san ni. Ya kuwa san ni ɗin.

Babu ɗan kunne yau.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, da yamma

Babu ɗan kunne. Siket ya kusa rabi.

Juma'a, 5 ga Nuwamba, da tsakar rana

Sojan Masko huɗu suka zo da amalanke. Babbansu yaro ne, gemu ko fitowa bai yi ba, idanunsa jajur kamar bai yi barci ba tun Talata. Suka kwashe gari buhu shida da kitsen da na rataya don hunturu. Ya hango sabuwar ƙasa bayan lambu ya tambaya. Omelko ya cire hula ya rusuna, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ko limamin coci ba.

"Kabeji muke binnewa, ranka ya daɗe. Sanyi na lalata shi."

Yaron ya daɗe yana kallon kabejin namu. Ya ce umarni ne duk abin da ruwa ya kawo a tura shi gaba, garuruwan ƙasa su gani su ɗauki darasi. Omelko ya ce to, ranka ya daɗe. Suna karya kwana ya tofa yawu ya ɗauki shebur.

Akuyar Yawdoka ta tsira, ta shige ciyawa a bayan rumbu ta yi lif. Ta fi uwargijiyarta wayo.

Babu ɗan kunne.

Asabar, 6 ga Nuwamba, da yamma

Ruwa ya kawo ɗankwali mai furanni, da mai shi.

Bai kamata in rubuta abin da na rubuta jiya a kan Yawdoka ba. Mabuɗin gidanta na nan a rataye jikin ƙusa. Ban san wa zan ba ba.

Lahadi, 7 ga Nuwamba, da hantsi

An ce soja sun tashi sun yi arewa. Babu ƙararrawa. Na tsaya gaban hoton Uwar Almasihu na buɗe baki, ba abin da ya fito, sai na goge masa toka na koma aiki.

Siket ya ƙare. Na yanka jar ɗamarar Omelko ta zamanin yaƙinsa, na farke jan bakin tawul ɗin ado na bango, na farke har jan zaren wuyan rigata na biki. Hannuna ya tsattsage saboda ruwan sanyi, alƙalami ma da ƙyar nake riƙewa. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya taɓawa.

Babu ɗan kunne.

Litinin, 8 ga Nuwamba, da yamma

Ja ya ƙare ƙaf a gidan nan, in ban da wanda ke ƙasan akwati, shi kuwa ba a lissafi yake ba. Na tafasa jan tushen da muke borsh da shi na tsoma farin zanen gado. Ya fito wani iri, ba ja ba, ba shuɗi ba, kamar kumburin duka. Omelko ya ɗaga shi a rana ya ce, "In Kosak ya isa gaban Allah da wannan a fuska, za a ɗauka cikin tukunya ya faɗa." Muka yi dariya mu biyu a bakin rami har na zauna a ƙasa. Allah Ya yafe mana. Da shi muka rufe su.

Babu ɗan kunne.

Talata, 9 ga Nuwamba, da yamma

Mun yi faɗa yau, kuma ina da gaskiya.

Uku kawai ruwa ya kawo. Kwana bakwai a ruwa ba wasa ba ne, ko da ina kallon fuska da ba abin da zan gane. Na ƙarshen dogo ne, ya maƙale a cikin ciyayin ƙasan madatsa. Na juya kan, kunne lafiya lau, babu azurfa, babu yagewa. Na ce, "Ba shi ba ne, ɗauka." Omelko bai ɗauka ba. Ya durƙusa cikin laka riƙe da hannun mutumin kamar masu gaisawa, har na ce masa ko ƙafar ce ta motsa. Ya ce eh, ƙafar ce.

Sai ya ce wannan ba za a sa shi a babban rami ba, shi zai haƙa masa nasa a gindin tuffa. Gurgu mai shekara sittin, ƙasa ta fara tauri, mun kwana bakwai muna haƙa. Na ce ya yi abin da ya ga dama. Ya ce in shiga ciki in huta, na yi kodayake ban saba jin wannan daga bakinsa ba.

Can sai ga shi a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Kilina, ba ni ƙyallen cikin akwati."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Wanne?"

"Kin sani. Ba ni. Zan saya miki wani in hanya ta buɗe."

"Ga na tukunya can a kan igiya."

"Ba shi nake so ba. Yaron nan Kosak ne na gaske. Ɗan wata uwa ne."

Nan na tashi. Na ce duk waɗanda muka binne 'ya'yan wasu ne, me ya sa sai wannan? Na ce ƙyallen ɗana ne, ɗana na da rai, ba zan shimfiɗa kayansa a fuskar baƙon da ban san uwarsa ba. Na ce ko dai fata yake wa yaron? Na ce shi da ya kasa tsare masa yatsa ɗaya yanzu zai raba shi da abin rufe fuska. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Na zauna a kan akwatin.

Ya buɗe baki, ya dubi taga wajen kogi, ya rufe. Ya fita. Na hango shi ya cire rigarsa ta ciki ya sauka ramin da ita, ya fito da rigar fata kawai a jiki cikin wannan sanyi.

Bai ci abinci ba. Shi ya sani.

Babu ɗan kunne.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, da yamma

Ɗaya jiya, yau babu ko ɗaya. Bakin kogi ya fara kama ƙanƙara. Omelko ba ya magana. Na yi masa borsh da ɗan sauran kitsen da na ɓoye a tulu, ya juya cokali sau biyu ya tashi. In fushi yake da ni, ya yi ta yi, na fi shi iya wannan.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, da yamma

Na je birni. Babu birni.

Talata, 16 ga Nuwamba, da yamma

Wani mai tallar gishiri ya kwana a rumbu. Ya ce ya ji an ce wasu sun fita ta gefen kogi ranar da abin ya faru, masu dawaki, sun kai ɗari ko fiye, sun shige daji. Masu dawaki! Na sa shi ya maimaita sau uku, na cika masa jaka da burodi. Na ruga na gaya wa Omelko a gindin tuffa, inda ya mai da wurin zamansa yanzu.

"Ka ji? Masu dawaki ne suka fita. Ban gaya maka ba? Ɗan kunnen nan da kuke wa dariya kai da shi."

Ya ce, "Na ji, tsohuwa." Ko ɗagowa bai yi ba.

Wani lokaci ina tunanin namiji ba ya son ɗa kamar yadda uwa ke so. Kogi ya gama kawo abin da zai kawo, bai kawo mini shi ba. Na duba kowane kunne da hannuna, ko ɗaya ban tsallake ba. Yau ne na fara barci mai nauyi da rana tsaka, a zaune.

Juma'a, 19 ga Nuwamba, da yamma

Dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe bayan lambu, yanzu ba ka cewa akwai wani abu a can. Na fara saƙa sabuwar safa, waccan ta isa ta huje. Kowace safiya Omelko na zuwa bakin madatsa da gatari ya sari ƙanƙara, ya duba kaurinta, ya dawo. Na tambaye shi ko kifi yake nema. Ya ce a'a.

Ina duban hanya. Idona ya gaji.

Lahadi, 21 ga Nuwamba, da yamma

Zan rubuta shi a jere yadda ya faru, in ba haka ba kaina zai tarwatse.

Da hantsi ina share ƙofar gida na hango mutum a kan doki yana saukowa daga tudu a hankali. Rana ta bugi gefen kansa, wani abu ya yi walƙiya a hagu. Na yar da tsintsiya. Ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na faɗi sau biyu a dusar ƙanƙara ina kiran sunansa.

Harasim ne. Ya rame har ƙashin fuskarsa ya fito. A kunnensa na hagu, wanda ya kumbura ya yi ruwa, ɗan kunnen da na saya da hannuna.

Ya sauka ya durƙusa a gabana. "Inna."

Na ce, "Uwarka maza biyar ta haifa. Me wannan ke yi a kunnenka?"

Muka shiga ciki. Omelko ya shigo ya tsaya a jikin ƙofa. Harasim ya riƙe kofin madara da hannu biyu bai sha ba. Ya ce ranar Litinin da yamma aka kawo musu sabon ataman daga wata runduna, wanda bai san fuskar kowa ba, aka ce za a jera su a raba masu hawa ganuwa da masu tsaron dawaki. Matar Harasim na ƙauyensu da cikin wata takwas. Ustim ya ja shi bayan barga ya ciro basilla daga jakar sirdi.

"Na ce masa a'a, Inna, wallahi na ce a'a. Ya ce, 'Rufe mini baki, matsoraci, kai da za ka zama uba. Shekara uku ina kwasar kashi, yau kai ma ka ɗanɗana.' Yana dariya ya huda ni. Ya ce gobe in mayar masa kafin ki gani ki kashe shi."

Sabon ataman ya bi layi yana duban kunnuwa. Ya tura Harasim wajen dawaki.

Na tambaya ko ya gan shi bayan nan. Ya ce a'a. Da suka fasa suka fita ta gefen kogi ya waiwaya sau ɗaya, ya ga ana jera waɗanda aka kama daga ganuwa a bakin ruwa, ana kawo katakai. Kwana goma sha tara yana ɓuya a daji yana neman hanyar zuwa ya tambaye mu ko Ustim ya iso gida.

Ya kai hannu zai cire ɗan kunnen. Na ce ya bari, mai shi ne ya sa masa.

Ban yi kuka ba. Ina zaune ina kallon hannuwana, waɗannan tsattsagaggun hannuwan da suka juya kowane kai. Hudar allura ƙanƙanuwa ce, kwana bakwai a ruwa ya isa ya rufe ta. Ni azurfa nake nema. Duk wanda na ce wa ba shi ba ne, ban san ko wane ne ba.

Na ɗago na dubi Omelko. Bai yi mamakin komai ba cikin abin da yaron ya faɗa.

Na ce, "Baban Ustim."

Ya ce, "Na'am."

"Wace rana?"

"Talata."

"Da me ka gane?"

Ya ɗaga babban yatsansa ya lanƙwasa shi.

Na ce me ya hana shi faɗa mini, na zauna a kan akwati ina zaginsa, ɗana na kwance a rami fuska a buɗe. Ya ce, "Kin ce ruwa za ki bi. Na san ki. Jira nake kogi ya daskare." Ya ce yau da safe ya sara da gatari har sau goma bai kai ruwa ba, dama yau ya yi niyyar gaya mini.

Na koma baya na karanta shafin Talata. Da hannuna na rubuta ina da gaskiya.

Litinin, 22 ga Nuwamba, da asuba

Na buɗe akwati.

Litinin, da yamma

Ƙasar gindin tuffa ta yi tauri kamar dutsen niƙa, shebur tsalle yake a kanta. Omelko ya ce a bari sai bazara. Na ce yaron ya kwana goma sha uku yana jira, ba zai ƙara wata huɗu ba. Bai yi gardama ba. Shi da Harasim suka jibga itace a kan wurin suka kunna wuta, in ta ci ta mutu su kwashe toka su kankare abin da ya yi laushi, su sake kunnawa. Yini guda, zurfin gwiwa. Itacen hunturunmu ne muke ƙonawa.

Na kai wa Omelko borsh can. Ya ci. Na zauna kusa da shi a kan kututture, na ce masa maganar yatsan nan ta wuce. Ya ce ya daɗe da daina jira.

Laraba, 24 ga Nuwamba, da tsakar rana

Mun kai gare shi da hantsi. Ni na sauka, na ce su ba ni wuri. Na ɗage rigar ubansa. Ban taɓa kunnen ba. Fuskar na duba, na daɗe ina dubawa, sannan na shimfiɗa masa jan ƙyallensa.